Tsohon Doki Sai Mai Shi: Dillali, Aibi da Tarihin Cinikin Mota ta Hannu a Ƙasar Tambuwal

A ƙarshen damunar 2023, watanni kaɗan bayan janye tallafin man fetur, kawuna ya aiko mini da saƙo daga Tambuwal cewa in zo in tsaya masa zai sayar da motarsa. Tsohon malamin firamare ne, ya haura shekara saba'in. A tsawon rayuwarsa ya sayar da gero da raguna, ya taɓa ma rabuwa da fegi lokacin aurar da 'ya'ya, amma bai taɓa sayar da mota ba. Motar Volkswagen Golf ce mai dogon baya, wadda ya saya da kuɗin sallamarsa daga aiki, kuma tana da aibi guda wanda daga shi sai Allah sai bakanikensa suka sani: in ta yi tafiya mai nisa takan yi zafi. Idan ya kama hanyar Sakkwato, kafin ya wuce Shagari sai ya tsaya ya ba lagireto ruwa. A cikin gari kuwa lafiya lau take, ko wuni za a yi ana zagayawa da ita ba za ta nuna komai ba.

Dillalin da aka kawo ya zagaya motar sau biyu, ya buɗe inji, ya saurari ƙararsa, ya leƙa salansa ya ga ba hayaƙi. Da kawu ya fara ba shi labarin zafin, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mota ba ta magana, kai ma kada ka ari bakinta. Mai saye zai zo da bakanikensa, abin da suka gani shi suka saya." Kawu bai amsa ba. Da dillalin ya tafi ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, mahaifinmu ya sayar da doki a garin nan, ba haka aka yi ba."

Wannan magana ita ta sa ni bin sawun al'amarin. Matsalar da ta hana kawu barci a daren nan ta girmi mota, domin duk inda aka yi cinikin abin da aka riga aka mora, mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba. Hausawa sun daɗe da yi wa wannan matsala magani, kuma sunan maganin dillali. Tarihin cinikin mota ta hannu a ƙasarmu, a ganina, tarihi ne na yadda wannan magani ya yi ta salancewa har dillali ya koma mai ba da shawarar a yi shiru.

Tambuwal gari ne na doki tun asali. A ƙarni na 19 ribaɗi ne daga cikin ribaɗoɗin Daular Usmaniyya, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna yana tsaron wannan sashe, a zamanin da faɗa da Kabawa bai lafa ba. Garin da aka kafa domin tsaro ba ya rasa barga, kuma kudu da shi ga Jega, wadda ta zama babbar kasuwar fatake a wancan ƙarni. Doki a lokacin shi ne dukiya mafi tsada da mutum zai hau, kuma shi ne mafi iya ɓoye aibi. Ana buɗe bakinsa a dubi haƙora domin a ƙiyasta shekarunsa, a ɗaga ƙafa a dubi kofato, a hau a yi sukuwa a ji numfashinsa, har launi da tabon goshi ana yi musu fassara. Amma tutsu da harbi da cizo, da firgita idan an buga tambari, waɗannan sai wanda ya zauna da dabbar ya san su. Ina jin daga nan karin maganar nan ta samo ƙarfinta, cewa tsohon doki sai mai shi. Mutane sukan ɗauke ta a kan cewa mai shi kaɗai ke ganin darajarsa, ni kuwa ina ƙara jin wata ma'ana a cikinta: mai shi kaɗai ya san halinsa.

Abu biyu suka tsare mai saye a wancan zamani. Na farko shari'a. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun hana ɓoye aibin haja, sun kuma ba wanda ya saya ya tarar da tsohon aibi zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Sun hana mutum ya taya abin da ba shi da niyyar saye domin kawai ya zuga farashi. Ko da mai sayarwa ya gindaya sharaɗin cewa ya kuɓuta daga duk wani aibi, sharaɗin ba ya wanke shi daga abin da ya sani ya ƙi faɗa. Ma'ana, maganar nan ta 'yan kasuwar mota a yau, wai "yadda ka gan ta haka ka saye ta", da an kai ta gaban alƙalin wancan lokaci da ba ta kwana ba.

Na biyu shi ne dillali, kuma a kansa muna da shaidar baƙo. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya sauka Kano a farkon 1824 kafin ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta abin da ya ba shi mamaki a kasuwar Kano. Ya ce idan aka sayi riga ko turkuɗi a naɗe aka kai ta har Barno, aka kwance aka tarar ba ta kai yadda aka faɗa ba, sai a maido ta, domin an rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin. Dillalin nan dole ya nemo mai kayan, shi kuma dole ya mayar da kuɗi. A lura da wanda aka rubuta sunansa. Masaƙi yana iya zama a ƙauyen da ba wanda ya sani, mai rini yana iya ƙaura, amma dillali yana nan a rumfarsa kullum, kuma la'adar da yake ci kuɗin jinginar da sunansa ne. Ranar da sunan ya ɓaci, jarinsa ya ƙare.

Wannan tsari ya yi tsawon rai, har ya bi Hausawa zuwa zango-zango. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu tsakanin fataken Arewa da mahautan Yarabawa yake tafiya a kan bashi, ba takarda ba banki, saboda maigida da dillalansa sun tsaya a tsakani. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya baƙonsa, sannan ya san yadda zai yi da mahaucin. Shekara guda bayan littafin Cohen, a 1970, wani masanin tattalin arziki a Amurka, George Akerlof, ya wallafa maƙalar da ta kai shi ga lambar Nobel a 2001, kuma misalin da ya kafa hujja da shi shi ne kasuwar tsofaffin motoci. Ya ce tun da mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da mai aibi, zai taya kowace da farashin tsaka-tsaki. Mai mota mai kyau sai ya ga an raina masa ya janye, kasuwa ta cika da rubabbu, farashi ya ƙara faɗuwa. Mafita ita ce a samu wani abu da zai tsaya wa haja, garanti ko suna. Abin da Akerlof ya tabbatar da lissafi, dillalan Kurmi sun shekara aru-aru suna cin abinci da shi.

Mota ta shigo ƙasar Sakkwato a hankali bayan Turawa sun ci birnin a watan Maris na 1903. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa na yamma kuma ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929, bai taɓa ƙarasowa Sakkwato ba. Saboda haka a wannan yanki babbar mota ce ta gaji raƙumi da jaki, kuma hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega da Yawuri da Kwantagora ta zama jijiyar yankin. Ƙaramar mota kuwa ta daɗe tana hannun Razdan da Di'o da sarakuna da 'yan tsirarun attajirai. Ba a yi kasuwar ta hannu ba a lokacin, domin motocin ba su da yawa, kuma kowa ya san asalin kowace. Idan Bature zai tafi gida ya bar wa wani tasa, ko En'e ta yi gwanjon tsohuwa, duk gari ya san wanda ya tuƙa ta da ramin da ta taɓa faɗawa. Mota tana da asali kamar yadda doki yake da shi.

Shekarun 1970 su suka kai mota ƙofar ma'aikaci. Kuɗin mai ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya zo da ariyas a 1975, gwamnati tana ba ma'aikata rancen sayen mota. A shekarar ce kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, har aka riƙa ɗauko sassan ta jirgin sama daga Liyon ta Faransa zuwa Kano. Peugeot 504, wadda bakinmu ya mayar Fijo, ta zama motar gwamnati da ta haya da ta ango. An daina yin ta a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Volkswagen tana harhaɗawa a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Naira ta fi dala daraja. Malamin makaranta mai babban mataki yana iya shiga kanti ya fito da mota fil a leda. Wanda ya sayi ta hannu a zamanin nan daga maƙwabci ya saya, ko daga abokin aiki da aka yi wa canjin wuri, kuma dillalin da ya haɗa su ya san su duka biyu.

Akwai wani ƙaramin sauyi da aka yi a wannan tsakani wanda ba a cika ba shi muhimmanci ba. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, daidai da maƙwabtanta rainon Faransa. An yi haka ne domin sauƙin zirga-zirga. Ba wanda ya yi tunanin cewa an buɗe ƙofa ga duk wata tsohuwar mota da Jamus ko Faransa ko Holan za su gaji da ita, tun da sitiyarinsu ya zo daidai da titinmu.

Ƙofar ta buɗe sosai a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP. A watan Satumba aka saki naira a kasuwar canji, cikin ɗan lokaci dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu, ta kuma ci gaba da hawa. Sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, masana'antun harhaɗa motoci suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. A gurbinta sai ga abin da Yarabawa suka kira tokumbo, mu kuma muka kira Beljiyam. Sunan bai zo a banza ba. A birnin Burasel akwai titin Heyvaert, inda dillalai, da yawansu 'yan Lebanon da 'yan Afirka ta Yamma, suke tara tsofaffin motoci daga sassan Turai, a loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp zuwa gaɓar Afirka. Motar ko a Jamus aka yi ta, ko a Japan, in ta bi ta nan ta zama Beljiyam.

Da yawansu ba a Legas suka riƙa sauka ba. Kuɗin fito a Nijeriya yana da yawa, ga dokokin da ke ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, waɗanda gwamnatoci suka yi ta sauyawa. Kwatano ta Jamhuriyar Benin ta ga kasuwa ta buɗe hannu. An riƙa sauke mota a can da sunan za ta wuce Nijar, a kore ta arewa ta Malanbil a haye kogin Kwara zuwa Gaya, daga nan wasu su gangaro ta Kamba, wasu su bi ta Doso zuwa Birnin Ƙwanni su fuskanci Illela, wasu su zarce Maraɗi su fuskanci Jibiya. Nijar ta ci kuɗin wucewa, Benin ta ci nata, 'yan fito da suka san hanyoyin daji suka ci nasu. Tambuwal, da take zaune tsakanin hanyar Kamba da ta Illela, ba ta rasa ganin ayarin motoci marasa lamba suna wucewa da asuba. Motar kawu ma ta Ƙwanni ta shigo.

A nan ne, a ganina, dillanci ya samu rauninsa mafi girma. Dillalin doki ya san bargar da dabba ta fito. Dillalin turkuɗi ya san marinar da aka rina shi. Dillalin Beljiyam kuwa yana sayar da abin da ya ratsa hannu shida ko bakwai a ƙasashe huɗu, wanda mai shi na farko wata tsohuwa ce ko wani direban tasi da ba za a taɓa gani ba. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ana iya mayar da shi baya. Hatsarin da ta yi an shafe shi da fenti. Dillali ba zai iya jinginar da sunansa a kan abin da shi kansa bai sani ba, don haka ya daina jinginarwa, amma bai daina karɓar la'ada ba. Har ya ƙaro wata dabara: mai mota ya faɗi kuɗinsa, dillali ya ɗora nasa a kai a ɓoye, wani dillalin ya ɗora a kan na farko, kafin a kai ga mai saye mutum huɗu sun rataya a jikin mota ɗaya. Daga mai tsaya wa haja ya koma mai tsayawa tsakanin mutum biyu domin kada su ji bakin juna. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, na san dillalan da har yau in suka ce mota lafiyayya ce ba na neman bakanike. Sai dai tsarin kasuwar ba ya saka musu da komai a kan wannan hali.

Abin da ya maye gurbin shaidar mutum shi ne takarda: takardar kwastan, lambar shasi, rasit, takardar canjin mallaka, lasin. Takarda kuwa ana buga ta gaske ana buga ta jabu. Wani sabon aibi ya bayyana wanda malaman fiƙihu na da ba su san shi ba, aibin da ba a jikin haja yake ba. Mota tana iya zama garau, inji kamar agogo, amma jami'an kwastan su tare ta a hanyar Kwantagora shekara biyar bayan an saye ta su ce ba a biya mata fito ba. Gwamnati ta yi ta ƙoƙarin toshe hanyar. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya ɗaga harajin shigo da ƙananan motoci. Daga 1 ga Janairu, 2017, an hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu gaba ɗaya. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin, ba a buɗe Illela ba sai a Disamba na 2020. Kowane mataki ya ƙara wa mota tsada, ya kuma ƙara wa takarda daraja a kan ƙarfe.

Sannan 2023 ta zo da duka uku a jere. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da ƙarshen tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka sake sakin naira. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai, takunkumin ECOWAS ya rufe gadar Malanbil da iyakar Nijeriya da Nijar. Beljiyam ta yi wuyar samu ta yi tsada, sai ido ya dawo kan motocin da ke cikin gida. A daidai lokacin kuma dubban masu ƙaramin ƙarfi, 'yan fansho da malamai da ƙananan ma'aikata, suka ga ba za su iya ciyar da iyali su shayar da mota ba. Mutanen da suka sayi mota sau ɗaya a rayuwa da niyyar su mutu su bar ta gado suka wayi gari a matsayin masu sayarwa, ba su san taya ba, ba su san lokacin cewa albarka ba. Ga kuma kunya, domin a gari kamar Tambuwal in aka ga ƙofar gidan mutum ba mota, kafin la'asar an gama lissafin aljihunsa a majalisa.

Amma akwai wani abu da wannan juyi ya dawo da shi ba da niyya ba. Motar da ta shekara goma sha biyar a gari ɗaya ta sake samun asali. An san mai ita, an san bakanikenta, an san ba ta taɓa kifewa ba. Kuma mai sayarwa ba zai hau jirgi ya koma Antwerp ba, gobe da asuba yana sahu ɗaya da mai saye, ko da surukinsa. Abin da dillalin kawu bai sa a lissafi ba ke nan. Shi ya koyi sana'arsa a zamanin motar da ba ta da dangi, ya zo yana ba da shawarar wancan zamani a kan motar da duk unguwa ta san ranar da aka kawo ta.

Mai sayen da aka samu saurayi ne daga wajen Kebbe, yana son ya sa ta haya, ya riƙa ɗaukar mutane da buhuna ranakun kasuwa. Wato dai tafiya mai nisa da kaya mai nauyi, abin da motar ta fi ƙi. Ya zo da bakanikensa da wani baffansa. Suka tayar da ita, suka zagaya gari, suka dawo suna murmushi. Aka zauna a zaure, dillali ya fara jan ciniki, saurayin ya taya, kawu ya ce albarka kamar yadda na koya masa da dare, aka ƙara, har aka zo gaɓar da ya rage ya ce ya sallama. Sai ya gyara zama ya ce, "Samari, kafin in karɓi kuɗinka, tana zafi. In ka yi tafiyar awa guda sai ka ba ta ruwa. Bakanikena ya ce sai an buɗe kan inji, ni ban da kuɗin buɗewa." Dillali ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur ɗinsa.

Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci. Baffan saurayin ne ya fara magana, ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. To a cire mana kuɗin gyara." Bakaniken ya yi lissafi a fili, aka yi ja-in-ja a kan lissafin kamar yadda aka yi a kan motar, aka zabge abin da ya kai kuɗin buhunan gero da yawa, wanda na san kawu yana bukatarsa. Dillali ya nemi a ba shi la'adarsa a kan farashin farko, baffan ya ce a kan abin da aka biya ake la'ada, aka tsaya a haka. Na rubuta takardar ciniki da hannuna, kawu ya sa na ƙara layi guda cewa an faɗa wa mai saye motar tana zafi kuma ya yarda, shaidu biyu suka sa hannu. Ya miƙa makulli da takardun kwastan da ya adana a cikin leda tun ranar da ya sayo ta, sannan ya shiga gida ya fito da jarkar ruwan da ta shekara da shekaru a bayan motar, ya ce a haɗa da ita.

Da na koma Tambuwal da Babbar Salla na tambayi labarinta. Saurayin bai buɗe injin ba har lokacin, ya kashe kuɗin gyaran a kan tayoyi. Kawu ya ce yakan gan ta ta wuce ta bakin titi, an ɗaure mata buhuna har saman rufi, direban ya danna masa oda sau biyu, jarkar tana rataye a baya da igiya.